Filin Amsoshinku: Wai Hausar yaran yanzu ce ta lalace ko kunnenmu ne ya tsufa?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kusan duk kan abu ɗaya suke, wato irin Hausar nan da ake yi a titi da majalisa da cikin waya, wacce malaman Hausa ke ce wa sara, mutan gari kuma in suna son kushe ta su ce Hausar 'yan tasha. Na tsinto wasu daga ciki, na bar su yadda aka turo su ban taɓa rubutun ba, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Slm Malam dan Allah inada tambaya. Yarona ne dan shekara 16 yana aji 4 a sakandare, kwana biyun nan wlh bana gane maganarsa, in na aikeshi sai yace min ba yawa, in abokansa sukazo sai kaji ana baaba ya ne, mazaje ne, ana tare, rannan naji yana waya yana cewa bari tsohuwa ta shiga daki sai mu ware, wai nice tsohuwa Malam ni da ko 40 ban kai ba. Ni tsorona kar ace yan daba ya fara bi dan unguwarmu sai a hankali. Me zanyi? Daga wata uwa, Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Bari in fara rarrashinki kan maganar tsohuwa tunda na lura ita ta fi yi miki ciwo. Wannan ba sabuwa ba ce, tun da can Bahaushe na cewa tsohona ko tsohuwata yana nufin iyayensa, kuma kunya ce ta kawo ta don kar ya kama suna, ko shekararki 35 ce in dai ke kika haife shi to a bakin abokansa ke tsohuwa ce, ba raini ba ne. Ba yawa kuma yana nufin to shi kenan babu damuwa, ana tare wato ina bayanka, mu ware wato mu tafi.

Ba zan ɓoye miki ba, da yawa daga irin wannan maganar daga daba da tasha ta fito. Amma ta daɗe da barin can, ta bi ta shagon aski da gidan kallon ƙwallo da teburin mai shayi da finafinai, yanzu kuma ga TikTok da ke raba ta gida-gida kyauta, har ta kai yau za ki ji ma'aikacin banki da ɗan jami'a da ustazu mai ɗangalallen wando duk suna cewa ba yawa. To kin ga kalmar kaɗai ba za ta zama shaida a kan yaro ba. In daba kike tsoro ga abin da za ki sa wa ido: dawowa gida tsakar dare, jan ido da yawan bacci da rana, kuɗi ko waya da ba ki san inda ya samo ba, kaya na ɓacewa a gida, ko ki ga wani ƙarfe irin su ɗan bida a ƙarƙashin katifa. In kin ga ɗaya daga ciki kar ki tsaya gyaran Hausa, ki sanar da mahaifinsa da kawunnansa a ranar.

Ni a cikin saƙon naki ba ware ɗin ce ta tsaya min a rai ba, jiran da yake ki shiga ɗaki kafin ya fita shi ne abin tambaya, ina za shi da ba ya son ki sani? Wannan ki bi shi a hankali, ki san abokan da sunan iyayensu da gidajensu, ki riƙa cewa su shigo su gaishe ki ba wai su tsaya a ƙofar gida suna masa filashin ba.

Abu ɗaya da zan ce ki gyara yau ɗin nan shi ne ce miki ba yawa in kin aike shi. Uwa ba a ce mata ba yawa, to Umma ake cewa. Ki faɗa masa ba da faɗa ba, ki ce wancan yaren ka bar wa abokanka ni ga yadda za ka amsa min. Sannan ki lura da shi ranar da abokin babansa ya zo, in kin ga ya rissina ya ce ina wuni Baba, an zo lafiya, to yaronki yana da Hausa biyu kuma ya san inda ake ajiye kowacce, wannan ba abin kuka ba ne. Wanda ake ji wa tsoro shi ne wanda guda ɗaya tak gare shi, da ita zai yi wa abokinsa da ita zai yi wa limamin unguwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne na haura 70, a cikin gari aka haife ni. Abin da ke damuna yaran yanzu sun kashe Hausa, komai sai an sa turanci ko wata kalma mara asali. Mu a zamaninmu tsantsar Hausa muke yi. Shin babu hukumar da za ta hana wannan barna ne? Daga wani dattijo, Yakasai.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Zan ɗan yi maka musu amma a durƙushe nake, a yi min afuwa. Tsantsar Hausar nan da ake yawan faɗa in aka bi ta da kyau sai a tarar ita ma cike take da baƙi. Littafi, alƙalami, alƙali, sabulu, duniya da lahira, ranakun mako tun daga Lahadi har Asabar, ƙirge daga ashirin zuwa casa'in, duk Larabci ne kakanni suka ara suka murɗa shi har ya hau harshenmu. Ashana da agogo da keke da akawu daga wajen Yarabawa suka zo, Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno, raƙumi da takobi da ayari daga Buzaye. Su mota, tebur, asibiti, soja, likita, kotu, lauya, bokiti kuwa Turanci ne zalla, kuma Baba ku kuka karɓe su hannu bibbiyu ba jikokinku ba.

Mu ɗauki kuɗi ma kawai. Sule da sisi da kwabo da fam duk daga bakin Bature kuka ɗauko su. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973 aka ce fam ɗaya naira 2 ne, ai ba ku saki fam ɗin ba, kuka ci gaba da ƙirga da shi, jaka ɗaya fam 100 wato naira 200, har gobe akwai tsofaffin da in ba da jaka ka yi musu lissafi ba sai sun rikice. A 1977 aka fito da takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala, nan take kuka raɗa mata Murtala, a ce ba ni Murtala biyu kowa ya gane, to wannan in ba sara ba mece ce? Yau da naira 20 ɗin ta rasa daraja sunan ma ya bi ta ya kwanta, amma ba ni da ko sisi da ko anini suna nan daram a bakin yaran da ba su taɓa ganin sisin da idonsu ba.

Siyasar Kano kuwa ai ita ce babbar masana'antar sara. Sawaba ta NEPU da aka kafa a nan garin a 1950, sai Santsi da Taɓo lokacin da PRP ta dare tsakanin ɓangaren gwamna Abubakar Rimi da na Malam Aminu Kano, na tabbata Baba kana da ɓangare a ciki ba sai na tambaya ba. Tazarce ta yi tashe zamanin Abacha, yanzu ta zama kalmar labarai har gidajen rediyon ƙasashen waje da ita suke amfani ba wanda ke jin ta a matsayin maganar titi. Ƙato bayan ƙato, sojojin baka, 'yan jagaliya, sak, wake da shinkafa, a kasa a tsare, sai kuma inkonkulusib da zaɓen gwamna na 2019 ya bar mana, har ta kai in an kai kuɗin aure magana ba ta ƙare ba sai ka ji samari na cewa abin ya zama inkonkulusib. Wanda ya fi burge ni shi ne A Daidaita Sahu. Magana ce ta liman kafin ya ta da kabbara, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata sunan ya manne musu, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 suka cika gari, yau shirin ya wuce gwamnatin ta wuce amma yaro ɗan shekara 5 ya san a daidaita, har an gutsure sahun an yar.

Abin da na fahimta Baba, sara kamar yayin ɗinki take, yawancinta sallah biyu ba ta yi ake daina ta. Su ya ba da citta da aka ishe mu da ita 'yan shekarun baya yanzu in ka faɗa yara dariya za su maka. Wacce ta samu aikin yi, ta sa wa wani abu suna da da ba shi da shi, ita ce ke zama, kuma wannan tacewar bakin jama'a ne ke yin ta.

Hukuma kam an yi, an kafa Hukumar Hausa a 1955, daga baya aikin ya dawo hannun jami'o'i, Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus na Hausa zalla a 2006. Amma aikinsu daidaita rubutu ne da ƙirƙiro kalmomi, ba su da 'yan sandan da za su tsaya a Kofar Mata suna kama mai cewa nomal. Ko kalmomin da masana da 'yan jarida suka ƙirƙiro ma sai jama'a sun ga dama, an ce wayar tafi-da-gidanka lokacin da salula ta shigo a 2001, mutane suka ga ta yi tsawo suka ce waya kawai, an ce na'ura mai ƙwaƙwalwa suka ce kwamfuta.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne abin da ke zubewa ta ƙasa ba wanda ke shigowa ta sama ba. Yaro ya tashi a Kano bai san akushi ba bai san maburgi ba, bai san bambancin soro da zaure da shigifa ba, ka jefa masa karin magana ya tsaya yana kallonka, gaisuwar ta'aziyya ma sai an raɗa masa abin da zai ce. Wannan ba hukuma ce za ta gyara ba, irinku ne. Ka zaunar da jikokin nan bayan magariba ka ba su labarin cikin gari da irin Hausarka, ka sa ɗaya ya kunna rikodin a wayar tasu da kake jin haushi.

TAMBAYA: Malam meyasa in abu yayi kyau sai ace yayi mugun kyau ko bala'in dadi ko masifar kyau, wannan ba sabo bane? Daga dalibar islamiyya, Gyadi-Gyadi.

AMSA: 'Yata, maganar saɓo ko ba saɓo ba ki kai wa malaminku na islamiyya, ni nawa fannin harshe ne. Abin da ke faruwa shi ne kalmomin ƙarfafa magana gajiya suke, ƙwarai da sosai da matuƙa an yi ta amfani da su har sun daina girgiza kowa, sai mai magana ya nemo kalma mai nauyi irin mugu, masifa, bala'i, azaba ya ɗora don a ji abin ya kai. Su ma sun fara sanyi shi ya sa yanzu ake cewa ƙarshe ne, ko shinkafar nan duniya ce, ko ya haɗu. Har shege ma ta zama yabo tsakanin abokai, shegen yaro ya iya ƙwallo, amma ki sani kalmar nan ɗaya in aka faɗa wa wanda ba a wasa da shi tana iya kai mutum gaban alƙali. Manya da yawa ba sa son a riƙa kiran bala'i da baki, a gabansu ki ce ma sha Allah ya yi kyau ƙwarai. Wacce ni kaina ba na so ita ce ta tafi da imanina da samari ke faɗa in sun ga kyakkyawa, haba, duk kalmomin duniya a rasa abin da za a ce ya tafi sai imani.

TAMBAYA: Malam ni malamar Hausa ce a wata sakandaren yan mata. Wallahi abin da nake gani a takardun insha'i sai hawaye, yarinya zata rubuta min wlh da ngd da xan xo a jarabawa, ga turanci a tsakiya, wai nayi missing dinki. Kuma wadannan zasu zana WAEC da NECO. Ta ina zan fara? Daga wata malama, Dorayi.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya biya, aikinku ba mai iya biya sai Shi. Matsala biyu kika haɗa a saƙon kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko Ingausa, wato cakuɗa Hausa da Turanci. Ki lura da yadda ake gina ta, kullum sai an ɗauko yi an jingina mata kalmar Turanci sannan a liƙa ɗin a baya, na yi kolin ɗinka ba ka yi fikin ba, alhali na kira ka ba ka ɗaga ba ta fi gajarta ta fi daɗi a baki. Wannan ba rashin kalma ba ne, yanga ce, ana son a san an shiga aji. Daban take da aron dole, caji da data da sim da kati da alat da tiransifa abubuwa ne da suka zo da sunansu ba mu da wasu, kuma in Hausa ta karɓi kalma da gaske za ki ga ta yi mata kaciya ta sa mata kayan gida, canji ya haifi canza da canje-canje, caji ya haifi caza har ana cewa ya caza min kai, dizgi ya haifi dizga, mota ta zama motoci lauya ya zama lauyoyi. Ki nuna wa ɗalibanki wannan bambancin da misalai daga bakinsu, za su fi ji fiye da a ce musu kawai Turanci haramun ne a ajin Hausa. Kuma mu faɗi gaskiya laifin ba nasu ba ne su kaɗai, yarinyar da tun nazare ake cin ta tara ko a yi mata bulala in ta yi Hausa a makaranta, a gida kuma Momi na alfahari wai 'yarta ba ta jin Hausa sosai, ta girma Turancin bai nuna ba Hausar ta tsinke, me kike so ta rubuta?

Ta biyu rubutun waya, su wlh da ngd da slm da sa x a madadin z. A cikin waya ni ban ga laifinsu ba, sauri ake. Inda ake samun matsala shi ne ƙugiya da rabon kalma. Rubuta musu wannan a allo ba ƙugiya ba komai: ya bata kudi. Ki ce kowa ta faɗi ma'anarsa, rabin aji za su ce ya ba ta kuɗi wato ya miƙa mata, rabi su ce ya ɓata kuɗi wato ya yi almubazzaranci, ki bar su su yi ta musu na minti biyar sannan ki nuna musu cewa ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya ne suka raba mai kyauta da maɓarnaci. Daga nan sai ki shiga yana da tana da suna a haɗe suke, za mu da za su a rabe, motarsa a haɗe, ya ce a rabe. Masu waya a gida ki ce su sa Hausa a Gboard, ɓ da ɗ da ƙ duk suna ciki kyauta ne.

Sannan ga wani aiki da za ki gwada, kowace ta kawo saƙo ɗaya da ta taɓa tura wa ƙawarta yadda yake da su besti da ƙawas ɗinsa, ta sake rubuta shi sau biyu, ɗaya kamar mahaifinta za ta tura wa ɗaya kamar mai duba jarabawa ne zai karanta. Kar ki ja jan biro a kan na farkon, ki ce shi ma daidai ne a wurinsa, na biyu da na uku za ki yi wa maki.

TAMBAYA: Malam ni dan Sakkwato ne ina karatu a BUK. In nace zan tahi ko mi kake so sai yan dakinmu su fashe da dariya wai ban iya Hausa ba, tasu ta Kano itace daidai. Har na fara jin kunyar magana. Gaskiya ne tasu ce daidai? Daga wani dalibi, Kabuga.

AMSA: Ƙanena kar ka kuskura ka ji kunya. Taka ba sara ba ce ba kuma kuskure ba ce, karin harshe ne, kamar Katsinanci da Zazzaganci da Dauranci da Haɗejiyanci da Damagaranci. Gaskiya ne da aka zo daidaita rubutun boko an fi jingina da Kananci, tun daga ƙa'idojin da Baturen nan Hans Vischer wato Ɗan Hausa ya fitar a 1912, wanda gidansa ke nan Nassarawa har yau, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, wacce ma a Zariya ake buga ta ba a Kano ba. Amma daidaitacciyar Hausa ta takarda daban abin da Bakano ke faɗa a Mandawari daban. Ka saurari 'yan ɗakin naku da kyau, guri suke cewa ba wuri ba, ɗakko da sakko ba ɗauko da sauko ba, bacci, dena, se ka zo, na faɗa mai, duk wanda ya rubuta waɗannan a jarabawa sai an soke. Ni Bakano ne ina faɗa maka mu ma karinmu muke yi, yawanmu da kasuwarmu da finafinanmu ne suka sa muke ganin kamar mu ne ma'auni.

Ƙarin abin da za ka riƙe, masana harshe sun nuna cewa Hausar yamma irin taku ta fi riƙe tsofaffin siffofi, zamna da amre da sabka da biyat da kuke faɗa su ne na da, mu ne muka lanƙwasa su suka koma zauna da aure da sauka da biyar. In sun sake yi maka dariya ka ce musu Hausar kakansu kake yi. Tsokana dai ba za a daina ba, Zazzagawa ma da suke cewa yarinyan nan mun daɗe muna fama da su kuma su ma ba sa raga mana.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Wanda zan aura yana sayar da waya a Farm Centre, mutumin kirki ne wlh baya shaye shaye yana sallah, amma ranar da yazo gaida Abbanmu sai cewa yayi Oga ya garin, komai nomal ko. Tun ranar Abba yace shi bazai ba dan tasha yarsa ba. Ya zanyi? Daga wata budurwa, Hotoro.

AMSA: Taɓ, ƙanwata wannan saurayin naki ya kwafsa ba kaɗan ba, amma kwafsi ne mai gyaruwa. Kowace sana'a da Hausarta, malamai na ce mata Hausar rukuni, 'yan Kwari na da tasu ta dila da sari da 'yan kayi-nayi da sufa da holan, 'yan tasha na da lodi da kamasho da shata. Wanda ya wuni a Farm Centre tun safe abin da ke bakinsa kenan, Oga shigo ciki, sabuwa dal a kwali kake so ko Landan yus, wannan ba ta taɓa ganin injiniya ba, batirinta ƙarshe ne, kawo kuɗi kawai Oga mun zama ɗaya. Mutum ya faɗi Oga sau ɗari kafin magariba, ya zo gaban suruki ga tsoro ga gumi, bakin sai ya tafi inda ya saba. Na fahimce shi, amma Abbanku ma yana da gaskiya, shi abin da ya gani shi ne yaron da bai bambance kwastoma da uban matarsa ba, kuma dole ya tambayi kansa in an yi auren haka zai riƙa yi wa dangi.

Ke dai kar ki tsaya ja-in-ja da Abba, ki bi ta wajen Umma ko wata gwaggo da yake jin maganarta, ki roƙa a yi bincike a kan yaron a unguwarsu da kasuwa, in halin nasa yadda kika faɗa ne binciken zai wanke shi. Shi kuma ya turo ƙanin mahaifinsa ko wani babba ya ba da haƙuri, sannan ya sake neman izinin zuwa gaisuwa, manyan kaya da hula, a cire takalmi tun daga bakin ƙofa, a durƙusa, Baba ina wuni, mun same ku lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari, in an yi masa nasiha ya ce na gode Baba Allah ya ƙara girma, ya yi shiru. Kar ya miƙa hannu sai in Abba ne ya fara miƙo masa, wayoyin nan guda uku kuma a kashe su a bar su a aljihu. Ya tafi da aboki mai nutsuwa wanda zai taka masa ƙafa in ya ji Oga na shirin fitowa.

TAMBAYA: Malam yarana mata su biyu suna wani yare a gabana, wai zobo mubu jebe, sai su kwashe da dariya. Wannan kuma daga ina? Daga wani magidanci, Sheka.

AMSA: Alhaji wannan ai zaurance ne, ya girme ni ya girme ka, tambayi maman yaran na tabbata ta yi shi tana budurwa. Bayan kowace gaɓa ake cusa wani harafi a maimaita wasalin, su naka b suke sawa, zo ya zama zobo, mu ya zama mubu, je ya zama jebe, wato zo mu je suka ce. Wasu d suke sawa wasu kuma juya gaɓoɓin suke gaba ya koma baya. Ka cire duk gaɓa ta biyu za ka ji zancen fes, amma shawarata kar ka nuna musu ka gane, don ranar da suka san ka iya za su canza harafi ka koma farko.

Masu tambaya kan sunayen da matan aure ke kiran mazajensu da su yanzu, su Oga da Habibi da Abban wane, saƙonninku sun iso, da su za mu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.